Kafin Ki Kai Tsohuwar Ordinater Zongo

Wadata, Yamai
Laraba, bayan la'asar

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga ɗiyarsa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin natsuwa, ko da yake na ga ɗakinki ya cika da akwatuna da wayoyi har babu wurin sa ƙafa. Allah ya tsare min ke daga yau zuwa Asabar da za ki hau kar, babbar motar Damagaram, ya kuma tsare ki bayan nan, can inda idona ba ya kaiwa.

Na san za ki yi dariya. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, amma ga shi ina rubuto miki wasiƙa. Kin san halina. Na shekara talatin ina surutu gaban ƴaƴan mutane a lekwal, makarantar boko, ban taɓa gajiya ba, amma ke, ɗiyar fari kuma mai sunan mahaifiyata, in kika zauna gabana sai harshena ya yi nauyi. Haka aka tashe mu, kuma na tsufa da gyaruwa.

Shekaranjiya muna cin tuwo kika ce min, "Baba, Jibo mai shagon ordinater na Zongo ya ce in na kai masa tsohuwar ordinater zai karɓa, in cika, ya ba ni sabuwa da sabon lojisiyel na ɗaukar murya. Wannan ba za ta iya aikin sutudiyon Damagaram ba. Amma taka ce kafin ta zama tawa, shi ya sa na tambaye ka." Na ce za mu gani. Kika ce, "Baba, tun ina aji uku kake cewa za mu gani, har yau ban ga komai ba." Kin yi gaskiya. To ga amsar, sai dai za ki yi haƙuri da ni, don sai na bi ta doguwar hanya.

Ni da ke mun san abin da ya hana ni cewa eh nan take. Waƙar mamanki, Allah ya jiƙanta, tana cikin wannan ordinater, wato kwamfuta, kuma ba mu da muryarta a ko'ina sai nan. Tana kulle cikin tsohon lojisiyel, wato manhajar da aka ɗauke ta da ita, sabon kuwa ba ya buɗe aikin tsohon, kamar yadda kika bayyana min. Jibo kuma sai ya goge duk abin da ke ciki kafin ya sayar wa wani. Idan muka yi sake, ranar da kika fita gidan nan muryoyi biyu za su fita tare. Ni kuwa na taɓa yin irin wannan sake, ba sau ɗaya ba. Ban taɓa ba ki labarin a jere ba, saboda babu inda na fito da mutunci a cikinsa.

Ina sabon mushe, wato malamin lekwal, hutun damina, na tafi gida ƙauyenmu na wajen Dogonduci da rediyo mai kaset, ina taƙama. Na tarar da Inna, kakarki, tana dakan gero ita da maƙwabtanta biyu, suna lugude, tana ba da waƙa suna amsawa. Na ajiye rediyon a gindin turmi. Ta dube shi ta ce, "Kai mushe, wannan akwatin naka me yake ci?" Na ce, "Murya yake ci, Inna." Ta ce, "To Allah ya sa kada ya ƙware." Suka ci gaba. Da na kunna musu bayan sun gama, ta kasa kunne ta ce, "Wace ce wannan tsohuwa mai muryar agwagwa?" Matan nan suka yi ta dariya har ɗaya ta zauna a ƙasa. Ita ma dariyar ta shiga kaset, don na sake danna ɗauka ba su sani ba.

Na adana kaset ɗin nan shekaru, har bayan rasuwarta. Sai na sayi wannan ordinater da muke magana a kai, na kai ta gidan matasa na Harobanda, can ƙetaren kogi, inda nake tara ɗalibai ranar Laraba da yamma da babu lekwal, muna ɗaukar waƙoƙi da wasannin kwaikwayo. Abu na farko da na juye a cikinta shi ne dakan Inna. Da na ga ya shiga, na kunna na ji ga shi nan ras, sai na ce a raina zamanin kaset ya wuce. Wata Laraba yara suna neman abin da za su yi gwajin wasa a kai, na buɗe durowa na miƙa musu kaset ɗin da hannuna. Suka naɗi hayaniyarsu a kan kakarki. Ban ji komai ba a ranar, har ina ganin na yi dabara.

Uwata, duk abin da kika juye daga wani wuri, kada ki zubar da asalinsa don kin ga kwafin ya yi kyau. Sabon abu yana sa mutum ya raina wanda ya kawo shi nan. Ki bari sai kin kwana, kin sake kwana, kin saurari kwafin a wata na'ura dabam, sa'annan ki yi tunanin rabuwa da tsohon. In da hali ma, kada ki rabu.

Kuskure na biyu ya fi wannan ciwo, domin da ilmi na yi shi. An sa min sabon fitowar lojisiyel, mai maɓallin da ke cire ƙara daga murya. Kaset kin san yana da wani shuu a ƙarƙashinsa. Na danna, shuu ya ragu. Na ji daɗi, na ƙara. Kukan kaji ya tafi. Na ƙara. Na yi ta bin layin nan ina yanke duk abin da ba muryar Inna ba, amshin maƙwabta, tarin wani mai wucewa, har bugun taɓarya, don a ganina yana danne kalmomin. Na wuni a kai. Da lojisiyel ya tambaye ni ko in ajiye a kan na farko, na ce eh, ban ko karanta tambayar sau biyu ba. Ni da nake faɗa wa ɗalibai kullum su karanta tambaya kafin su amsa.

Na ɗauka na kai wa gwaggonki, Yaya Hajo, ina jiran yabo. Ta saurara har ƙarshe, hannunta a haɓa. Ta ce, "Wannan wace ce?" Na ce, "Haba Yaya, Inna ce mana." Ta ce, "Inna ba ta taɓa yin waƙa ita kaɗai ba. Ina turmin? Ina su Tamu masu amsa mata? Ka jefa ta rijiya ne ka ɗauko muryar daga can?" Na sake kunnawa don in kare kaina, sai a lokacin na ji abin da ta ji. Inna tana tsayawa ne daidai inda taɓarya ke faɗawa, tana barin wuri ga masu amshi. Da na cire su, sai waƙar ta zama duk ramuka, tsohuwa tana magana tana yin shiru, tana jiran mutanen da ba za su amsa ba. Yaya Hajo ta ce in kawo kaset ɗin mu ji na gaskiya. Ta dube ni ta gane, ta tashi ta shiga ɗaki. Har yau ba ta sake tayar min da maganar ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Ke kin fi ni sanin aikin nan nesa ba kusa ba, don haka ba zan koya miki abin da kika sani ba. Amma sani dabam, hannu mai gaggawa dabam. Kullum ki yi aiki a kan kwafi, na asalin ki sa masa suna ki bar shi kamar yadda ya shigo. Kuma can Damagaram za su kawo miki waƙoƙin mata, na biki da na suna da na aiki. Kafin ki kira wani abu hayaniya, ki tambayi masu waƙar. Ƙila ƙwaryar da kike ji tana ƙara a baya ita ce ke riƙe da waƙar duka. Sabon lojisiyel ɗinki zai iya abubuwan da nawa bai yi mafarki ba, shi ya sa ma nake jin tsoro, don shi ba ya sanin wace ce uwar wani.

Yanzu kina tsammanin zan ce kada ki saya. A'a, ki saurari na uku.

Bayan abin da ya faru da dakan Inna sai na tsorata da duk wani sabo. Na hana a taɓa ordinater. Ɗalibai suka yi ta roƙo, "Mushe, tana tsayawa, tana zafi, a ƙara mata ƙarfi ko a canza ta." Ina ce musu ku bar ta, wadda na sani ta fi. Na ɗauki tsorona na sa masa sunan hankali. Shekaru ina haka.

Sai wani tsoho mai gurumi, Baba Gado, ya zo Yamai daga ƙasar Tawa neman maganin ido, ya sauka nan Wadata wajen ɗansa tela. Na ji shi wata rana yana kaɗawa a ƙofar shago, na tsaya cak da ledar cefane a hannu. Mako uku ina zarya ina lallashinsa. Ya ce shi ba ya waƙa ga ƙarfe. Na ce ba ga ƙarfe ba ne, ga jikoki ne. Daga ƙarshe ya yarda. Na ɗauki taksi muka ƙetare gada, na zaunar da shi gaban mikro, ya gyara tsirkiya ya daɗe yana gyarawa, sa'annan ya fara wata doguwar waƙa ta manoman gidansu, yana jero su ɗaya bayan ɗaya tun daga kakan kakansa. Yaran da ba sa iya shiru na minti ɗaya suka yi tsit.

Bai yi nisa ba na ga layin da ke tafiya a allo ya tsaya. Fankar cikin ordinater ta hau kuka. Na taɓa, ba ta motsa ba. Kin san abin da babanki ya yi? Ya ci gaba da gyaɗa kai. Kunya ta hana ni katse dattijo a tsakiyar sunayen iyayensa, na zauna da kasken sauraro a kunne kamar mai aiki, ina fatan ko tana ɗauka a ɓoye. Ya kai ƙarshe, gumi ya jiƙa masa riga, ya jingine gurumin ya ce, "To mushe, ta kama?" Na ce, "Ba ta kama ba, Baba." Ya ce, "Kai fa, ka ji?" Na ce na ji. Ya ce, "To ka riƙe." Na roƙe shi ya sake. Ya ce, "Wannan ba a yin ta sau biyu a wuni ɗaya. Mutanen da na kira sun riga sun zo sun tafi." Muka sa wata Laraba, amma kafin ta zo an sallame shi daga asibiti, ɗansa ya sa shi mota. Bai sake dawowa Yamai ba. Na ce zan riƙe, ga shi yau ko baiti biyu ba zan iya kawo miki ba.

Bayan wannan ne na kwaso ordinater na dawo da ita gida, na ajiye a lungu ina jin haushinta, alhali laifin nawa ne. Ke kuma kika jawo ta ɗakinki, kika mayar da ita abin da ya kai ki inda za ki yau.

Saboda haka ki sayi sabuwa, Uwata. Na'ura don mutumin da ke gaban mikro aka yi ta. Ranar da ta fara sa gabanki faɗuwa alhali wani yana ba ki abin da ba zai maimaita ba, ta gama aikinta, komai son da kike mata. Kuma idan wata rana ko sabuwar ta tsaya miki, ki ɗaga hannu nan take ki ce a dakata, ko waye ke waƙar. Kunyar minti ɗaya ce. Ni tawa ta kai shekara goma tana bina.

Jiya na bi ta Zongo, ban faɗa miki ba. Jibo ya taso yana gaishe ni da Zabarmanci yana cewa, "Fofo, Mushe, yau kai da kanka?" Na tambaye shi tsohuwar tamu ba ta gyaruwa ne. Ya ce, "Mushe, wannan in an kawo min ita, sai na yi mata addu'a tukuna nake kunnawa. Na ƙara mata duk abin da jikinta zai ɗauka. Ka bar ta ta huta, ita ma ta yi ritaya kamar kai." Na ce Allah ya shirye ka. Amma mun yi magana ta gaskiya, kuma ya yi min alkawari ba zai taɓa ta ba sai mun ce ya taɓa.

Abin da zan ƙara kaɗan ne. Ki tafi shagon da mikronki da kaskenki, kada ki gwada da nasa. Ki sa sabuwar ta yi ɗauka mai tsawo, ki jibga mata muryoyi da yawa, ki taɓa jikinta ki ji ko ta yi zafi, don ranar Damagaram ba ta fi tamu tausayi ba. Ki cire ta daga kuran, wato wutar lantarki, ki ga tsawon da za ta yi, kin san yadda ake ɗauke wuta. Kada ki yarda da lojisiyel ɗin da aka fasa aka sa miki ta bayan fage, zai ci amanarki ranar da sutudiyo ya cika da mutane. Kuma duk ranar da lojisiyel ya ce miki ga sabon fitowa, ki danna nan, in kina tsakiyar aikin wani ki ce masa ya jira.

Saura maganar da na yi ta kewayewa tun farkon takardar nan.

Kin tuna ranar da kika ɗauki mamanki. Lahadi ce da hantsi, tana zaune a tsakar gida tana tsinke zogalen dambu, tana rera wata waƙa ta ƙuruciyarsu ta Maraɗi. Kika kifa roba kika ɗora mikro a kai, kika jawo waya ta taga. Ni ina ɗaki da tulin takardun jarabawa. A tsakiyar waƙar, ana ji sarai, sai ga muryata: "Haba jama'a, ku rage min hayaniya mana, ina gyaran takardun yara!" Ta katse waƙar. Sai ta fashe da dariya ta ce miki, "Kin ji, mushe ya ba mu sifiri." Ta ɗora daga inda ta tsaya, har ta ƙara ɗaga murya don in ji da kyau.

Shekaranjiya, da kika ga na ƙi ba ki amsa, sai kika ce a hankali, "Baba, sabon yana iya cire muryarka fa, ya bar ta Mama ita kaɗai." Na san don ki faranta min kika faɗa. Kin lura ina fita tsakar gida duk lokacin da waƙar ta kusa kaiwa wurin. Shekara biyar ke nan ina so in janye wannan magana. Matata tana waƙa, sau ɗaya tak aka ɗauke ta a duniya, abin da na samu na faɗa shi ne a rage min hayaniya. Takardun da nake gyarawa ko sunan yaro ɗaya a cikinsu ban tuna ba. Da kika ce ana iya cirewa, wallahi zuciyata ta so.

Kada ki cire. In kika ɗauke muryata, dariyarta za ta tashi babu dalili, ta zama tana tsokanar wanda babu shi. Haka gidanmu yake: ina ƙorafi, tana yi min ba'a, ke kina laɓe da waya a hannu. Mu uku ne a cikin wannan ɗauka, kuma babu wani wuri da ya rage inda muke mu uku. Ki bar ni a ciki da laifina. In kika haifi naki wata rana, ki kunna musu haka, su ji kakarsu ta fi kakansu baki.

Ga yadda nake so mu yi. Jumma'a da safe mu zauna tare, ni da ke, ki fitar da waƙar daga tsohon lojisiyel ta zama murya zalla wadda kowace na'ura ke iya kunnawa, ba gyara, ba ragi, tun daga ƙarar robar da kika kifa har zuwa inda kika kashe. Ki sa a kile biyu, ƴan ma'ajin nan da ake soka wa ordinater, ɗaya taki ɗaya tawa, ki sa a wayata, ki kuma nuna min inda zan danna, ki nuna min sau uku kada ki gaji. Bayan an sauko daga masallaci mu ɗauki tsohuwar mu tafi Zongo. A gaban Jibo za mu kunna waƙar a sabuwar, mu saurare ta har ƙarshe, kuma wannan karon ba zan fita ba. In mun ji ta cika, ki miƙa masa tsohuwar da hannunki. Na yafe ta.

Daga Asabar bangon nan zai yi shiru. Kin san yadda kike maimaita guntun waƙa ɗaya sau hamsin kina neman wani abu da ke kaɗai kike ji, ni kuma ina ta tsaki a ɗakina. Ban san me zan yi da la'asar ɗina ba in babu wannan. Don haka in kin isa kin zauna, ki riƙa turo min abin da kike aiki a kai, tun bai gyaru ba, da tarinsa da kurakuransa da muryarki kina cewa a sake. Wanda aka gama a kai wa masu shi. Ni ɗanyen nake so.

Allah ya kai ki lafiya, ya sauke ki lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a aiki da maƙwabtaka. Allah ya tsare miki kunnenki da hannunki da mutuncinki, ya sa ki zama amana ga duk wanda ya zauna gaban mikronki. Allah ya jiƙan mamanki da Inna, ya haskaka makwancinsu. Ya kuma ba ni tsawon rai in ga ranar da za ki turo ƙofar nan ki ce, Baba, na dawo. Amin.

Babanki